FASHIN BAƘI: Yadda hukumomin haraji a Najeriya ke karɓo cikon harajin kuɗin shiga daga hannun mutane

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2026, da sababbin dokokin haraji suka fara aiki a Najeriya, tambayar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce ko gwamnati na da ikon kutsawa cikin asusun bankin mutum ta kwashe kuɗi da sunan haraji. Amsar ita ce doka ta ba hukumomin haraji wani iko mai kama da haka, kuma ikon ba sabo ba ne, domin yana cikin tsohuwar doka. Sai dai ba da shi ake farawa ba. Kafin a kai ga asusun banki ko a garƙame shago, akwai matakan da dole hukuma ta bi, kuma a tsakiyarsu akwai wa'adin kwana 30 wanda shi ke raba wanda zai iya kare kansa da wanda bashi ya tabbata a kansa.

Wannan bayani ya shafi harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane ne kawai, wato ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da masu gidajen haya. Harajin kamfanoni yana da nasa tsarin daban.

Wa ke bin bashin?

Mutane da yawa sun ɗauka Gwamnatin Tarayya ce ke karɓar wannan haraji. A zahiri jihar da mutum yake zaune a cikinta ce ke karɓa, ta hannun hukumarta ta tattara kuɗaɗen shiga, kamar KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, ko LIRS a Legas. Mazauna Abuja suna biyan hukumar Babban Birnin Tarayya, wadda aka kafa da dokar 2015. Hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu kuma NRS, tana karɓa ne daga wasu rukunoni ƙalilan: sojoji, 'yan sanda, jami'an harkokin waje, da waɗanda ba a ƙasar suke zaune ba amma suna samun kuɗi daga cikinta.

Abin lura a nan shi ne mazauni ake dubawa, ba jihar asali ba, ba kuma wurin aiki ba. Ɗan Katsina da ke zaune a Kaduna harajinsa na Kaduna ne. Wanda ke kwana a Suleja ko Mararaba yana zuwa aiki Abuja kullum, harajinsa na Neja ne ko Nasarawa. Kuskure a wannan wuri yana haifar da wani irin giɓi mai ban haushi: an yanke wa ma'aikaci haraji cif-cif, an tura wa wata jiha, ita kuwa jihar da ke da haƙƙi tana ganin bai biya ko kwabo ba.

Dokar da ta daɗe tana tafiyar da wannan sha'ani ita ce Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta 1993, wadda aka yi wa babban gyara a 2011. A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu da suka fito daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Biyu daga ciki su suka fi shafar wannan batu: Dokar Haraji ta Najeriya, wadda ta faɗi nawa za a biya, da Dokar Gudanar da Haraji, wadda ta faɗi yadda za a karɓa. Amma tsohuwar doka ba ta gama aiki ba tukuna, domin duk giɓin da ya samo asali daga shekarun da suka gabaci 2026 da ma'aunin wancan lokaci ake lissafa shi.

Ta yaya giɓi ke samuwa?

Ba kowane wanda bai biya cikakken haraji ba ne ya yi da gangan. Ga mai albashi, tsarin PAYE ne ke aiki: ma'aikata ko kamfani ya yanke harajin daga albashi kowane wata, ya tura wa hukuma kafin ranar 10 ga watan da ke biye, sannan ya miƙa cikakken rahoton shekara kafin ƙarshen Janairu. Ma'aikaci ba ya taɓa kuɗin da hannunsa, amma duk da haka giɓi na iya fitowa. Wani lokaci sashen albashi yana lissafi a kan ainihin albashi kaɗai ya bar alawus-alawus da kuɗin ƙarshen shekara. Wani lokaci kuma a manta da abin da ma'aikaci ke mora wanda ba kuɗi ba ne a hannu; motar ofis da aka ba shi yana amfanin kansa da ita, alal misali, doka tana ɗaukar kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayenta a matsayin ƙarin kuɗin shigarsa a kowace shekara.

Babban tushen giɓi, duk da haka, shi ne kuɗin da ke shigowa ta bayan albashi. Malamin jami'a da ke da shaguna biyu a haya, likita da ke duba marasa lafiya da yamma a asibitin kuɗi, ma'aikaciyar banki da ke saro atamfa tana sayarwa ta waya, dukkansu doka ta ɗora masu nauyin bayyana wannan ƙari a rahoton shekara da ake miƙawa kafin 31 ga Maris. Yanke PAYE daga albashi bai ɗauke masu wannan nauyi ba, ko da yake kaɗan ne suka san haka.

Misali zai fi fito da girman abin. A sabuwar doka, Naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka ma'aunin ke hawa zuwa 21 da 23, har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A ce ma'aikaci yana da albashin da, bayan an cire fansho da sauran rangwamen da doka ta amince, ya rage Naira miliyan 3 a shekara. Harajinsa Naira 330,000 ne, kuma ofishinsa ya yanke ya tura. Idan yana da ribar Naira miliyan 1 daga wani kasuwanci da bai bayyana ba, wannan miliyan ba ta cin moriyar rangwamen farko, domin albashi ya riga ya cinye shi. A matakin kashi 18 za ta faɗa, giɓin kuwa Naira 180,000 ke nan a shekara guda. Idan abin ya ɗauki shekara uku, ya zama Naira 540,000 kafin a zo maganar tara da kuɗin ruwa.

Ga ɗan kasuwa da mai zaman kansa, babu mai yanke masa komai a ƙarshen wata. Shi zai ƙiyasta ribarsa ya biya, kuma a nan ne rashin ajiye lissafi ke zama masifa, kamar yadda za a gani a gaba.

Yadda hukuma ke ganowa

Hanya mafi tsufa ita ce binciken littattafan ma'aikatu da kamfanoni. Jami'an hukuma sukan je su duba takardun albashi na shekarun baya su gwada da abin da aka tura. Sai kuma harajin da ake yankewa tun daga tushe: idan kamfani ko hukumar gwamnati ta kama hayar gidan mutum, takan yanke kashi 10 ta tura wa hukumar haraji da sunansa. Wannan kuɗi ana cire masa shi daga harajin da ke kansa, amma kuma shi ne ke sanar da hukuma cewa yana da kuɗin haya. Haka abin yake ga 'yan kwangila. Doka ta kuma ba hukuma ikon neman bayani daga bankuna, kuma sabuwar doka ta ƙarfafa wannan ta hanyar lambar shaidar haraji da aka haɗa da lambar ɗan ƙasa ta NIN.

Akwai kuma tarkon da mutum ke kai kansa da ƙafarsa, wato takardar shaidar biyan haraji. Ana buƙatarta wajen neman kwangilar gwamnati, takardar mallakar fili, amincewa da zanen gini, da wasu lasisi. Takardar tana nuna kuɗin shigar mutum da harajin da ya biya na shekara uku da suka gabata. Wanda ya nemi ta yana buɗe wa hukuma ƙofar tambaya, musamman idan abin da yake shirin saya ko ginawa ya fi ƙarfin abin da ya ce yana samu.

Shekara nawa za a iya komawa baya? Doka ta ce shida. Hukuma na iya fitar da ƙarin ƙiyasi a cikin shekara shida bayan shekarar da harajin ya shafa, kuma tana iya yi fiye da sau ɗaya. Wannan iyaka tana faɗuwa idan akwai zamba, ko ƙin biya da gangan, ko sakaci. A irin wannan hali babu wa'adi. Shi ya sa masu ba da shawara kan haraji ke cewa a adana takardun albashi da rasit da bayanan banki na aƙalla shekara shida.

Takardar ƙiyasi da kwana 30

Duk abin da hukuma ta gano, ba ya zama bashi sai ta rubuta shi a takardar ƙiyasi ta isar ga mai ita. Takardar tana faɗin kuɗin shigar da hukuma ta lissafa, harajin da ke kai, da lokacin biya. Idan mutum bai taɓa miƙa rahoto ba, ko ya miƙa amma hukuma ba ta gamsu ba, tana da ikon yin ƙiyasi da kyakkyawan zatonta, ta duba girman shago, yawan haja, motoci, gidaje da yanayin rayuwa. Irin wannan ƙiyasi sau da yawa yakan zo da nauyi, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa wasu hukumomi kan ɗaga shi ne don su tilasta wa mutum ya fito da littattafansa.

Daga ranar da takardar ta isa, mutum yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi. Dole ƙorafin ya kasance a rubuce, ya faɗi dalilai filla-filla: wane adadi ne ba daidai ba, me ya sa, mene ne adadin da mai ƙorafi ya yarda da shi. Zuwa ofis a yi magana da baki, ko a aika wani babba ya sa baki, ba ya tsayar da wa'adin. A nan ne mafi yawan mutane ke yin asara. Wani ya ajiye takardar a aljihun tebur yana ganin barazana ce kawai, wani yana jiran ɗan'uwansa da ya san wani a hukumar, har kwanakin su ƙare. Da zarar sun ƙare ba tare da ƙorafi ba, ƙiyasin ya zama tabbatacce wanda ba a sake jayayya da shi, ko da kuwa tun asali ya zarce gaskiya. Daga nan muhawara ta tashi daga kan nawa ne ake bin mutum ta koma kan yadda za a karɓa.

Idan an yi ƙorafi a kan lokaci, hukuma za ta nemi hujjoji, a zauna a daidaita lissafi. Nauyin kawo hujja yana kan mai ƙorafi, kuma ɗan kasuwar da ba ya rubuta abin da ya saro da abin da ya sayar ba shi da abin da zai aza a kan tebur. Ciniki ba riba ba ne, kuma a kan riba ake biyan haraji. Amma mai sayar da hatsi da miliyan 40 ta ratsa asusunsa a shekara, ribarsa kuwa ba ta fi miliyan 3 ba, sai da takarda zai iya nuna wannan bambanci. Sabuwar doka ta kawo wani gyara mai amfani a nan: ta ba hukuma kwana 90 ta amsa ƙorafi, idan ba ta amsa ba a ɗauka ta amince da shi. A da ƙorafi na iya kwana a ofis shekara da shekaru.

Idan hukuma ta ƙi sauya ƙiyasin, za ta ba da takardar ƙi, mutum kuma yana da wasu kwana 30 ya kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji. An kafa wannan kotu a ƙarƙashin dokar FIRS ta 2007, tana zama a wurare takwas. Ta Arewa maso Yamma tana Kaduna, ta Arewa maso Gabas a Bauchi, ta Arewa ta Tsakiya a Jos, sannan akwai ta Abuja. Daga can ana iya wucewa Babbar Kotun Tarayya a kan batun fassarar doka. Dokokin 2025 sun kuma ƙirƙiro ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji, wanda aikinsa shi ne duba ƙorafin zalunci ko jan ƙafa daga jami'ai, amma ba shi ke yanke yawan harajin da ke kan mutum ba.

Tara da kuɗin ruwa

Harajin da ba a biya a kan lokaci ba ana ɗora masa tarar kashi 10, sannan kuɗin ruwa da aka ɗaure da ma'aunin da Babban Bankin Najeriya ke sanarwa. A shekarun nan da wannan ma'auni ya haura kashi 20, kuɗin ruwa ne ke kumbura tsohon bashi fiye da tarar kanta. Rashin miƙa rahoto laifi ne mai zaman kansa: sabuwar doka ta sa Naira 100,000 a watan farko da Naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Wanda kuwa aka samu da shirga ƙarya a rahotonsa yana iya fuskantar shari'ar laifi, wadda ke iya kai wa ga ɗauri.

Hukumomi suna da damar sassautawa. Sukan amince a biya kashi-kashi, sukan kuma yafe tara idan akwai uzuri mai ƙarfi. An ma taɓa yin yafiya ta ƙasa baki ɗaya: shirin VAIDS, wanda Yemi Osinbajo ya ƙaddamar yana Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, ya fara ranar 1 ga Yuli, 2017, ya ƙare 30 ga Yuni, 2018 bayan an ƙara wa'adi. Duk wanda ya fito da kansa ya bayyana giɓin shekarun 2011 zuwa 2016 ya biya, an yafe masa tara da kuɗin ruwa da gurfanarwa.

Idan giɓin daga ofis ya fito

Ga mai albashi akwai wata kariya. Doka ta ɗora alhakin yankewa da turawa a kan mai ba da aiki, saboda haka idan bincike ya nuna an yanke ƙasa da ƙima, ko an yanke ba a tura ba, shi hukuma ke fara kamawa da cikon da tara da kuɗin ruwa. Sabuwar doka ta ƙara tsananta wa wanda bai yanke ba, da tarar kashi 40 na abin da ya kamata ya yanke.

Amma a bambanta hali biyu. Idan ba a yanke isasshe ba, harajin asalinsa na ma'aikaci ne, kuma galibi ofis yakan biya hukuma sannan ya dawo ya riƙa cirewa daga albashi. Tarar kuwa ta ofis ce, ba ta ma'aikaci ba. Idan an yanke amma ba a tura ba, ma'aikaci ya riga ya sauke nauyinsa, kuma takardar albashinsa ta wata-wata ita ce hujjarsa. Yakan gano matsalar ne ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji aka ce masa babu sunansa a rajista.

Matakan tilastawa

Bayan ƙiyasi ya tabbata, an aika takardar neman biya, wa'adi ya wuce, sai hukuma ta koma ga makaman da doka ta ba ta. Mafi sauƙi a gare ta shi ne ikon naɗa wakili. Tana iya rubuta wa duk wanda ke riƙe da kuɗin mai bashin, ko wanda mai bashin ke bin sa kuɗi, ta ayyana shi wakili, ta umarce shi ya biya ta kai tsaye. Wannan wakili na iya zama banki, ko mai ba da aiki, ko ɗan haya, ko abokin ciniki. Ikon yana sashe na 60 na sabuwar Dokar Gudanar da Haraji, kuma hukumar LIRS ta Legas ta fitar da sanarwa a kansa a Janairun 2026, abin da ya ƙara rura jita-jitar cewa za a riƙa zarar kuɗi daga asusun kowa. Gaskiyar ita ce ikon yana aiki ne a kan bashin da ya riga ya tabbata, ba a kan duk kuɗin da ya shiga asusu ba. Kuɗin da ɗan'uwa ya turo don hidimar biki ko jinya ba kuɗin shiga ba ne, balle a ce an yanke masa haraji a banki.

Na biyu shi ne kama kadara. A ƙarƙashin sashe na 104 na tsohuwar doka, bayan gyaran 2011, hukuma sai ta nemi izinin Babbar Kotu kafin ta kama kaya ko ta rufe wuri, ko da yake ana iya ba ta izinin ba tare da an kira mai bashin ba. Ana riƙe kayan kwana 14. Idan ba a biya ba a yi gwanjonsu, a cire harajin da kuɗin ɗawainiya, abin da ya saura a mayar wa mai shi. Gida ko fili ba a sayar da su sai da umarnin kotu na musamman. Na uku kuma hukuma na iya shigar da ƙara kamar kowane mai bin bashi. Mutuwa ma ba ta share bashin, domin ana neman sa daga dukiyar da mamaci ya bari, ta hannun mai kula da ita.

Iyakar waɗannan iko a sabuwar doka ta jawo ce-ce-ku-ce tun kafin ta fara aiki. A Disambar 2025, ɗan Majalisar Wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya yi zargin cewa kwafin da aka buga a mujallar gwamnati ya saɓa da wanda majalisa ta amince da shi, kuma sassan tilasta biya suna cikin waɗanda aka fi yin muhawara a kansu. Kotuna ne za su fayyace, ta shari'o'in da za su zo gabansu, inda ikon hukuma ya tsaya da inda dole ta nemi izinin alƙali.

Tsoron mai karɓar haraji yana da tsohon tarihi a Arewa. Dattawa ba su manta da zamanin haraji da jangali ba, lokacin da ake ɗora wa kowane baligi kuɗi ta hannun dagaci da mai unguwa, ko ya samu ko bai samu ba, har gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979. Harajin kuɗin shiga na yau ya bambanta da wancan a tushe: a kan abin da mutum ya samu ake aza shi, wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa ko ƙasa da haka ba ya biya, kuma kowane mataki na karɓarsa yana da takarda da wa'adi. Jami'in da ya zo shago yana neman kuɗi a hannu ba tare da takardar ƙiyasi ba, ko ya ce a tura wani asusu na mutum, ba bisa doka yake aiki ba. Ana biyan haraji ne a asusun gwamnatin jiha ta banki ko ta shafin hukumar, a karɓi rasit mai ɗauke da suna da lambar shaidar mai biya da shekarar da kuɗin ya shafa.